Ido Kafin Kunama: Madubin Hangen Nesa a Farautar Barewa

Duk shekara, a Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na Amurka, wajen ƙarshen watan Nuwamba, mutane fiye da rabin miliyan ne ke sammako su kutsa dazuzzukan jihar Wisconsin, kowa da bindigarsa a kafaɗa. Kwana 9 ake shafewa ana farautar barewa da bindiga a jihar. A Pennsylvania kuwa, an ɗauki shekaru masu yawa makarantun karkara na rufewa ranar buɗe farauta, domin hukuma ta san ko an buɗe ajin wayam zai kasance, malaman ma suna dawa. Ƙidayar da hukumar kula da kifaye da namun daji ta ƙasar ta yi a 2022 ta nuna akwai mafarauta miliyan 14.4, kuma barewa ce dabbar da aka fi fita nema. Kimanin miliyan 6 na barewa mai farar wutsiya ake kayarwa kowace shekara.

Mutumin da zai shiga wannan daji ba ya mance bindiga da harsashi, ba ya mance wuƙa da rigar sanyi da ɗan abin taɓawa. Abin da aka fi bari a mota shi ne madubin hangen nesa, wannan mai ido biyu da ake ratayawa a wuya. Masu barinsa suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Wasu su ce dajin gabashin Amurka duhuwa ce, da wuya a harbi barewa daga nisan da ya wuce mita 100, to me za a hango? Wasu su ce ai bindigar kanta da madubin saiti a kanta, ɗaukar na biyu ƙarin kaya ne kawai. Wasu kuma su ce kakanninsu sun ciyar da iyali da naman barewa ba tare da sun taɓa riƙe gilashi ba. Duk da haka, wanda ya bi maganar a tsanake zai tarar cewa madubin da ake rainawa shi ne kaɗai kayan da ke ba mafarauci damar dubawa da kyau ba tare da ya nuna wa komai bakin bindiga ba, kuma a kan wannan ne sauran amfaninsa duka ya ginu.

Barewar da ake magana a kanta ta bambanta da tamu ta sahel. Namijinta ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon yana da rassa, yana zubewa a ƙarshen hunturu ya sake tsirowa da bazara. A Amurka iri biyu ne suka fi yawa: mai farar wutsiya, wadda ta cika gabashi da tsakiyar ƙasar, da mai manyan kunnuwa irin na alfadari, wadda ke zaune a duwatsu da filayen yamma. Dukkansu sun fi mutum hanci nesa ba kusa ba. Idanunsu na gefen kai ne, suna ɗaukar kusan digiri 300 na abin da ke kewaye da su, kuma ƙaramin motsi ba ya wuce su. A bayan idon akwai wani shimfiɗi mai maido da haske, shi ne ke sa idon ƙyalli in an haska shi da fitila, shi ne kuma ke ba dabbar gani a lokacin da idon ɗan Adam ya fara gazawa. Ga shi kuma barewa ta fi fitowa kiwo da sanyin asuba da kuma almuru. Yawancin jihohin Amurka sun halatta harbi daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta. Ke nan lokacin da dabbar ta fi yawo shi ne lokacin da mafarauci ya fi ƙarancin gani, kuma doka ta yarje masa ya harba a cikinsa.

A nan aikin gilashi ya shigo. Wani Ba'italiye mai suna Ignazio Porro ne ya yi rajistar dabarar amfani da gilasai masu kusurwa don miƙar da hoto da gajarta tsawon madubi a 1854, amma sai a 1894 kamfanin Carl Zeiss na birnin Jena a Jamus, da ƙoƙarin masanin kimiyya Ernst Abbe, ya fara sayar da madubi mai ido biyu irin wanda aka sani yau. Matsalar madubin farko ita ce asarar haske. Duk inda haske ya ratsa daga iska zuwa gilashi, kusan kashi 4 cikin 100 na komawa baya, kuma a cikin madubi ɗaya akwai irin waɗannan fuskoki goma ko fiye. Shi ya sa tsofaffin madubai ke zubar da kusan rabin hasken da ya shiga. A 1935 Alexander Smakula, shi ma a Zeiss, ya gano yadda ake shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke rage wannan asara, har gwamnatin Jamus ta ɓoye dabarar a matsayin sirrin soja na wasu shekaru. Madubi mai kyau na yau yana isar da fiye da kashi 90 na hasken zuwa ido.

Lambobin da ake rubutawa a jikin madubi, kamar 8x42, ba su da wuyar ganewa. Ta farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu: barewar da ke mita 400 za ta bayyana kamar tana mita 50. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita, wato ƙofar da haske ke shiga. In aka raba ta biyu da ta farko, sai a sami faɗin zaren hasken da ke fitowa ya shiga ido. A 8x42 milimita 5.25 ne, a 10x42 milimita 4.2, a ɗan ƙaramin 10x25 na aljihu kuwa 2.5 kacal. Tsakiyar ƙwayar idon matashi kan buɗe har wajen milimita 7 a duhu, ta dattijo takan tsaya wajen 5. Saboda haka ɗan madubin aljihu yana da daɗin kallo da tsakar rana, amma da almuru, daidai lokacin da ake buƙatarsa, sai ya dushe. Mafarautan Jamus, waɗanda dokarsu ta ba su har sa'a ɗaya da rabi bayan faɗuwar rana, sun daɗe da riƙo da 8x56, wanda ke ba da milimita 7 cif, ko da yake nauyinsa kan haura kilo guda. Su ai a kan wata doguwar kujerar katako suke zama a bakin daji suna jira, nauyin ba ya damun su.

Sababbin shiga kan ɗauka cewa wanda ya fi kusantowa shi ya fi kyau. Ba haka abin yake ba. Madubi na ƙara girman dabba, yana kuma ƙara girman rawar hannu da bugun zuciya, sannan yana ƙuntata faɗin wurin da ake gani. Da ya wuce 10, hannu ba ya iya riƙe shi ya tsaya cak. Shi ya sa 8x42 da 10x42 suka zama ruwan dare.

Yanzu ga babbar magana. Ranar 15 ga Nuwamba, 1988, a garin Hermon na jihar Maine, wata mata mai shekara 37, uwar tagwaye 'yan shekara ɗaya, ta fita filin da ke bayan gidanta sanye da farar safar hannu. Wani mafarauci da ke cikin itatuwan da ke kusa ya harbe ta, ta rasu. Ya ce barewa ya gani, ya kuma ga fari-fari irin na wutsiyarta. A 1990 kotu ta wanke shi daga laifin kisa, hukuncin da ya raba kan jama'ar jihar, har wasu suka riƙa ɗora wa marigayiyar laifin fita da farin abu a lokacin farauta, a filin gidanta. Shekara ɗaya bayan haka majalisar Maine ta kafa dokar tantance abin harbi: wajibi ne mafarauci ya ga kai da gangar jikin dabba sosai, ba tare da wani abu ya tare masa ba, kafin ya taɓa kunama. Kunne, ko wutsiya, ko launi, ko motsin ganye, ba su isa hujja ba.

Abin da ke faruwa a irin wannan hali sananne ne ga masu koyar da farauta. Mutum ya kwana yana mafarkin barewa, ya tashi tun duhu, ya zauna cikin sanyi sa'o'i yana jira. Da ya ga wani abu ruwan ƙasa ya gilma a bayan reshe, ƙwaƙwalwarsa sai ta cike masa sauran hoton, ta sa wa abin kai da ƙafafu. Ba ƙarya yake yi ba in ya rantse barewa ya gani. Wannan kuskure bai bar gwanaye ba. A New Zealand, inda Turawa suka kai jar barewa a ƙarni na 19, lokacin da aka fi fargaba shi ne ƙarshen Maris zuwa Afrilu, sa'ad da mazan ke ruri suna neman mata. Mafarauta kan kwaikwayi rurin don su janyo su, sai ka ga mutum biyu suna ta amsa wa juna, kowa na laɓaɓowa da bindiga yana zaton ɗayan dabba ce. Ɗaya daga cikin ƙa'idoji bakwai na riƙe bindiga a ƙasar ita ce a tantance abin harbi har sai babu sauran kokwanto.

To da me za a tantance? Mai cewa madubin bindigarsa ya wadatar bai lura da abin da yake faɗa ba. Madubin saiti a ɗaure yake da bakin bindiga, duk inda ya kalla, nan harsashi zai tafi. Wanda ya ji motsi ya ɗaga bindiga don ya leƙa, ya riga ya saita ta a kan abin da bai san ko mene ne ba: wataƙila barewa, wataƙila kare, wataƙila ɗan maƙwabcinsa. Yatsa na kusa da kunama, hannu a sandare da sanyi, zuciya na dukan uku-uku. Tun da jihar New York ta fara wajabta karatun farauta kafin ba da lasisi a 1949, har sauran jihohi suka bi sahu, wannan na cikin darussan da ake nanatawa: kada a mayar da madubin bindiga madubin leƙe. Mai madubi a ƙirji yana da matakai biyu, ya duba da wannan, in ya tabbata ya ɗauki waccan. Wanda ba shi da shi mataki ɗaya gare shi, dubawa da saitawa sun zama abu guda.

Akan ce ai rigar ruwan lemo mai ɗaukar ido ta magance wannan. Ta taimaka ƙwarai. Idon barewa ba ya rarrabe ja da ruwan lemo yadda na mutum ke yi, don haka rigar ba ta tona asirin mafarauci, amma tana nuna shi ga ɗan'uwansa tun daga nesa. Pennsylvania ta wajabta inci murabba'i 250 na wannan launi a kai da ƙirji da baya a lokacin farautar bindiga. Sai dai mafarauta kawai dokar ta ɗaure. Ba ta ɗaure manomi, ko mai saran itace, ko mai yawo da karensa, ko uwa a filin gidanta ba. Mafaraucin da ya saba wa kansa da cewa duk abin da ba ruwan lemo ba dabba ce, ya fi wanda bai san rigar ba haɗari.

Akwai kuma abin da ke bayan barewar. Harsashin bindigar farauta irin .30-06 na iya tafiya fiye da kilomita 4 in bai gamu da komai ba. Barewar da ta tsaya a kan tudu, sararin sama a bayanta, ba abin harbi ba ce, komai kyan ƙahonta. Madubi ne ke nuna rufin gida ta tsakanin itatuwa, ko shanu a gangare, ko wata rigar ruwan lemo can ƙetaren kwari.

Hujjar duhuwar daji ita ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mafaraucin da ya san aiki ba ya neman barewa sukutum, domin da wuya ta tsaya masa a fili. Guntayenta yake nema: layin baya a kwance cikin itatuwan da duk a tsaye suke, baƙin hanci mai sheƙi, farin da ke cikin kunne, lanƙwasar ƙafar baya, ko wutsiya da ta kaɗa sau ɗaya ta tsaya. Madubi yana da wata baiwa a nan. In aka murza ɗan gargaren da ke tsakiyarsa a hankali, rassan da ke kusa sai su narke su zama hazo, na bayansu su fito fes, a ƙara murzawa waɗannan ma su narke, na gaba su bayyana. Haka mutum ke ratsa kurmi hawa-hawa da ido yana zaune wuri ɗaya. Abin da ido tsirara ya ɗauka kututture ne a mita 60, sai ga shi da gashin ido yana tuƙa. Ɗaga madubi daga ƙirji zuwa fuska kuma ƙaramin motsi ne in aka gwada da ɗaga doguwar bindiga, ga dabbar da motsi ne babban abin da take tsaro.

Kafin duk wannan akwai ɗan gyaran da da yawa ba su sani ba, har su yi shekaru suna zargin madubi da sa musu ciwon kai. Idanun mutum biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Sai a rufe gilashin dama da tafin hannu, a kalli wani abu mai nisa da idon hagu, a murza gargaren tsakiya har ya fito sarai. Sannan a rufe na hagu, a bar gargaren tsakiya yadda yake, a murza ɗan zoben da ke kan idon dama har shi ma ya daidaita. Aikin minti ɗaya ne, sau ɗaya ake yin sa.

Doka ma ta mayar da gani da kyau tilas. Wajen shekarar 1900, farautar kasuwa da sare dazuzzuka sun rage barewa mai farar wutsiya zuwa kusan rabin miliyan a duk faɗin Amurka. Tsauraran dokoki da kuɗin harajin bindiga da harsashi, wanda dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta keɓe don farfaɗo da namun daji, su suka dawo da ita har ta kai wajen miliyan 30 a yau. Tsarin da ya yi wannan aiki ba ya cewa kawai a harbi barewa, yana faɗin wace iri. Daga 2002 Pennsylvania ta hana harbin namijin da bai kai adadin rassan da aka ƙayyade a ƙaho ɗaya ba, don ƙananan maza su samu su girma. A ƙananan hukumomi da dama na Texas, sai faɗin da ke tsakanin ƙahonin biyu ya kai inci 13, kuma hukumar namun dajin jihar ta koya wa mutane su gwada da tazarar kunnuwan dabbar in ta miƙe su tana sauraro. Ƙirga rassa a mita 150, da almuru, a kan dabbar da ke tafiya cikin rassan itace masu kama da ƙahon, ba aikin ido tsirara ba ne. Mai lasisin harbin mace kuma yana da nasa tarkon: ɗan namijin da bai cika shekara ba ba shi da ƙaho, sai 'yan ƙulluttai biyu a kai, kuma shi ne ya fi saurin fitowa fili don rashin wayo. Madubi ne ke nuna gajeriyar fuskarsa da shafaffen kansa.

Jamusawa na cikin waɗanda suka fi tsanani a wannan fanni. Suna harbin ƙaramar barewarsu fiye da miliyan ɗaya a shekara, amma kafin mutum ya sami lasisi sai ya ci jarrabawa mai wuya, wadda ta haɗa da gane jinsi da shekaru da lafiyar dabba daga nesa. Harbin uwar da 'ya'yanta ke dogara da ita laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Macen da ta fito ita kaɗai ba lallai ba ne ba ta da ɗa, yana iya kasancewa kwance cikin ciyawa. Mafarauci kan ɗauki mintuna yana kallon hantsarta da yadda take waiwaye kafin ya yanke shawara, sau da yawa ma shawarar ita ce ya bar ta ta wuce.

A yammacin Amurka kuwa babu mai gardama kan madubi, domin farautar kanta da shi ake yi. Misali mafi kyau shi ne 'yar ƙaramar barewar Coues ta duwatsun kudancin Arizona da Sonora ta Meziko, wadda aka sa wa sunan Elliott Coues, likitan soja masanin tsuntsaye. Namijinta bai cika wuce kilo 50 ba, launinta toka-toka, ta saje da duwatsu da busasshiyar ciyawa har ta ɓace wa mutum yana kallonta. Mafarauci kan hau tsauni tun da duhu, ya zauna rana na bayansa, ya kafa babban madubi 15x56 a kan ƙafafu uku. Ba ya yawo da shi. Yakan tsayar da shi wuri guda, ya bi duk abin da ke cikin da'irar da ido, gindin kowane itace, inuwar kowane dutse, sannan ya gusa kaɗan ya sake, kamar manomi mai bin gonarsa kunya bayan kunya. Yana iya yin sa'o'i uku ko huɗu a kan gangare ɗaya. Da madubin ya tsaya cak, duk abin da ya motsa a cikinsa sai ya fito, ko kunne ne a nisan kilomita. In an gano dabba, sai a ɗauko dogon madubi mai ido ɗaya, mai kusantowa sau 20 zuwa 60, a duba ko ta cancanci a sauka kwari a hau wancan tsaunin dominta. Wannan hanya na rage wahalar ƙafa, tana kuma rage tarwatsa dabbobi da barbaɗa warin mutum a ko'ina. A tsaunukan Sikotilan ma haka abin yake tun ƙarni na 19: jagoran farauta kan kishingiɗa a ƙasa, ya zaro dogon madubinsa mai shiga cikin juna, ya tokare shi da gwiwa ko sanda, ya zaɓi tsoho ko ramammen da za a cire daga garke kafin a fara rarrafe.

Na'urar auna nisa ta zo daga baya. Tana harba ɗan hasken leza ta ƙirga lokacin da ya ɗauka ya dawo. Zuwa mita 300 da komowa, kashi biyu cikin miliyan na daƙiƙa ne. Kamfanin Leica ya haɗa ta da madubi mai ido biyu a 1992, yanzu kuma ana samun ƙananan na aljihu da araha. Amfaninta a fili yake. Wurin da ake so harsashi ya shiga, wato zuciya da huhu, faɗinsa bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba. Harsashin .308 da aka daidaita a mita 100 yana sauka ƙasa fiye da santimita 35 kafin ya kai mita 300. Idon mutum kuwa ba gwanin kintace ba ne, musamman in akwai kwari a tsakani. Wanda ya ɗauka 220 ne alhali 300 ne, ƙafa zai karya, dabbar ta tsere ta je ta mutu a wulaƙance bayan kwanaki. Ga mai farauta da baka abin ya fi tsanani, domin kibiya tana lanƙwasowa da wuri, kuskuren mita 5 a nisan mita 40 ya isa ya fitar da ita daga wurin da ake so. Shi ya sa mai baka, da ya hau kujerarsa a kan itace, yakan auna itatuwan da ke kewaye ya haddace, don kada ya yi ta motsi bayan dabba ta iso.

Bayan harbi ma aikin madubi bai ƙare ba. Barewar da aka samu a huhu takan zabura ta ruga ta faɗi ba da nisa ba. Wadda aka samu a ciki takan ƙanƙame baya ta tafi a hankali, kuma in aka bi ta nan take za ta tashi ta yi nisa ta ɓace, in aka ba ta sa'o'i za a same ta inda ta fara kwanciya. Wanda ya bi ta da madubi ya san wanne ne ya faru, ya kuma san itacen ƙarshe da ta wuce.

Sai dai gilashi na da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Madubin saiti mai ƙarfi da na'urar da ke lissafa saukar harsashi sun sa wasu na harbi daga mita 700 ko fiye, suna ɗauka a bidiyo suna alfahari. A irin wannan nisa harsashi na kusan daƙiƙa guda a iska, taku ɗaya na dabba ko ɗan kaɗawar iska ya isa ya mayar da kisa rauni, kuma masu bidiyon ba sa nuna waɗanda suka tsere da harsashi a jiki. Ƙungiyar Boone da Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta gina koyarwarta a kan cewa dole dabba ta kasance da damar gane mafarauci ta kuɓuta. Dabbar da aka harba daga inda hancinta da kunnenta ba za su kai ba an ƙwace mata wannan dama. Madubi ya kamata ya taimaki mutum ya san yadda zai matso, kada ya zama dalilin ƙin matsowa.

Hukumomi sun fara ja layi. Jihohin Alaska da Colorado da Montana sun hana neman dabba da jirgi mara matuƙi tun 2014. Arizona ta hana amfani da kyamarorin da ake ɗaurewa a daji don farauta daga farkon 2022, bayan da mashayar dabbobi a wannan jiha mai ƙarancin ruwa suka cika da su. Na'urar da ke ganin zafin jiki a duhu haramun ce ga farautar barewa a yawancin jihohi, ko da yake masu kula da yawan garke a Birtaniya na amfani da ita wajen ƙidaya da gano dabba. Ita wannan na'urar ma ba ta warware matsalar tantancewa ba: tana nuna wani farin abu mai ɗumi, amma busasshen ƙaho ba ya fitowa sosai a cikinta, kuma mutumin da ya sunkuya a bayan ciyawa shi ma farin abu ne mai ɗumi. Bambancin a bayyane yake. Madubin hannu na ƙara wa mutum ido ne kawai, har yanzu shi zai tashi da asuba, ya karanta iska, ya zauna, ya yi haƙuri. Jirgi da kyamara kuwa su ke yin neman a madadinsa.

Maganar kuɗi ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Akwai madubin Swarovski na Ostiriya ko Zeiss ko Leica da ya haura dala 3,000, akwai kuma na 'yan ɗaruruwan daloli daga kamfanoni irin su Vortex da Leupold da Bushnell, wanda ba ya shan ruwa, ba ya yin hazo a ciki, kuma ya isa a rarrabe mutum da dabba har ƙarshen lokacin da doka ta halatta. Mai tsadar yana ƙara 'yan mintuna da almuru, yana kuma hutar da idon mai kallon yini guda. Mafi muni shi ne mai tsadar da aka bari cikin jaka a baya. Shi ya sa ɗamarar ƙirji, wadda ke riƙe madubi kusa da hannu ba tare da ya yi ta lilo ko ya ja wuya ba, ta canza ɗabi'ar mafarauta da yawa fiye da kowane sabon gilashi.

Irin wannan barewa mai ƙaho da rassa ba ta dajinmu, amma kuskuren da ake magana a kai ba baƙo ba ne a nan. Jaridun Nijeriya kan kawo labarin maharbin da ya ga ƙyallin wani abu a hasken fitilar goshi, ko ya ji motsi a ciyawa, ya saki wuta, sai ga abokin farautarsa ko manomi kwance. Dalilin ɗaya ne da na Maine da New Zealand.

Ga wanda zai fita farautar barewa a ko'ina take, tsarin da hujjoji suka goyi baya shi ne wannan: madubin hannu mai kyau daidai ƙarfin aljihu kafin a yi tunanin sabuwar bindiga, na'urar auna nisa ga mai baka da mai farautar fili, babban madubi mai ƙafafu ga mai hawa tsauni. Duk abin da ya motsa a daji a fara duba shi da na ƙirji, bindiga na kallon ƙasa. In haske ya gaza har madubin bai nuna kai da gangar jiki sarai ba, farautar ranar ta ƙare, a sauke harsashi a koma gida.